Singafo zuwa New York: kilomita nawa ne, kuma awa nawa ake yi a sama?

Yayar Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar jirgi ku fitar da ni daga duhu. Autanmu ne zai tashi daga Singafo zuwa New York kai tsaye babu yada zango, ya turo min hoton tikitinsa, an rubuta tashi ƙarfe 12 da rabi na rana, sauka wajen ƙarfe 7 na yamma kuma duk a rana ɗaya. Ni da na lissafa awa shida da rabi kenan, amma shi yana ce min wai kusan awa 19 zai yi a cikin jirgi. Toh wanne ne gaskiya? Kuma nisan nawa ne tsakani? Hankalin mahaifiyarmu ya tashi tunda ta ji awa 19 ɗin nan, tambayarta kawai wane irin jirgi ne zai yi wannan daɗewar a sama mai bai ƙare masa ba.

Malam Lissafi:
Wa alaikumus salam Anti. Ƙaninki ne ya faɗi daidai, tikitin ma bai yi ƙarya ba. Abin da ke faruwa shi ne kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin ya faru ne. Ƙarfe 12 da rabi agogon Singafo ne, ƙarfe 7 kuma agogon New York. Singafo tana gaban New York da awa 12 a lokacin zafin New York, idan sanyi ya shigo 'yan New York suka mayar da agogo baya sai ta zama 13. Toh ki ɗauki shida da rabin da kika samu ki ƙara 12, kin ga 18 da rabi kenan. Lokacin da zai sauka ƙarfe 7 na yamma a can, a Singafo gari ya riga ya waye, ƙarfe 7 na safen washegari ne.

Nisa kuma, daga filin jirgi na Changi a Singafo zuwa na JFK a New York kilomita 15,349 ne. Tafiyar jirgin fasinja ce mafi tsawo a duniya cikin waɗanda ake yi a kai a kai.

Mai Tambaya:
Malam ni fa da na duba 9,537 na gani, wani wurin kuma 8,288. Kai kuma ka ce 15,349. Ai ba zai yiwu gari biyu su samu nisa uku ba

Malam Lissafi:
Nisa ɗaya ne ɗan'uwa, mudun awon ne ya bambanta. 9,537 mil ne irin na kan tudu, kowanne kilomita 1.6 da ɗan wani abu. 8,288 kuma mil ɗin teku ne wanda matuƙa jirgi da na ruwa suke aiki da shi, kowanne kilomita 1.852. Ka buga a kalkuletan wayarka za ka ga duk wuri ɗaya suka nufa.

Mai Tambaya:
Na buga, haka ne. Amma ga wata, jirgi ance yana gudun kilomita 900 a awa, idan na raba 15,349 da 900 awa 17 nake samu, ina sauran awa ɗaya da rabin ta tafi?

Tsohon Makanike:
Yaro tambayarka ta yi ma'ana. Na yi shekaru ina aiki a gindin jirage kafin na ajiye, bari in faɗa maka yadda abin yake. Lokacin da ake rubutawa a tikiti ba daga barin ƙasa yake farawa ba, daga sanda aka cire takarar taya aka tura jirgi baya daga ƙofa ne har sanda ya tsaya cak a ƙofar can. Tafiyar da zai yi a ƙasa kafin ya kai titin tashi, da layin da zai bi idan akwai jirage a gabansa, duk a ciki suke, kuma filin jirgi irin JFK ba ƙaramin cunkoso gare shi ba. Sannan ba a tashi da gudun 900, sai an hau tukuna, wajen sauka ma tun da nisa ake fara rage gudu. Na uku kuma wanda ya fi duka, 15,349 ɗin nan gajeriyar hanya ce a lissafi, amma jirgin ba kasafai yake binta sak ba, abin da yake ci a zahiri yakan haura kilomita 16,000 saboda yana bin inda iska za ta taimake shi.

Yayar Auta:
Baba Allah ya ƙara girma, toh maganar man fa? Ita ce ta fi damun tsohuwa wlh

Tsohon Makanike:
'Yata ki kwantar mata da hankali. Jirgin da ake sawa a hanyar nan Airbus A350-900ULR ne, an gyara tsarin tankinsa musamman don irin wannan doguwar tafiya, yana ɗaukar mai har lita 165,000, kuma zai iya cin wajen kilomita 18,000 bai sauka ba. Kujerunsa 161 ne kacal, alhali ɗan'uwansa na yau da kullum yana ɗaukar mutum 300 ko fiye, an rage mutane ne don a rage nauyi. Kuma doka ce ba a tashi da man da zai kai ka inda za ka kawai, dole a ɗora na zuwa wani filin idan wancan ya ƙi saukuwa, a ɗora na shawagi ana jiran izini, a kuma ɗora na ko-ta-kwana. Matuƙa huɗu ne a ciki, biyu suna aiki biyu suna barci a wani ɗan ɗaki mai gadaje da fasinja ba ya gani, sai su yi canji.

Wani abin da mutane ba su sani ba, jirgin da ya cika da mai ba ya iya hawa can sama sosai da farko saboda nauyi. Sai ya fara daga ƙafa dubu talatin da wani abu, yana ƙona mai yana sauƙi yana ƙara hawa mataki mataki har ya kai wajen dubu 40, can iska ta fi sirantaka mai ya fi auki.

Ɗan Gaskiya:
Ni duk wannan ban musa ba amma akwai abin da ya daɗe yana min ciwo a rai. Ku buɗe taswira ku duba, Singafo tana can ƙasa kusa da tsakiyar duniya, New York tana can hagu, idan ka ja layi da rula ai ta kan Afirka da tekun Atlantika zai bi. Amma idan ka duba manhajar bin sawun jirage sai ka ga jirgin ya nufi Jafan, ya hau har wajen Alaska, ya gangaro ta Kanada. Wannan ai zagaye ne ƙiri-ƙiri. Ni ina ganin kamfanonin nan suna tsawaita hanya ne da gangan don su caji mutane da yawa, in ba haka ba me zai kai mai zuwa New York ƙasar ƙanƙara

Ɗan Taswira:
Ɗan'uwa kamfani ba ya cin riba da doguwar hanya, mai shi ne babban abin da ke cinye musu kuɗi, duk mintin da suka ƙara asara ce a wurinsu. Matsalar daga taswirar take. Wadda muka saba gani a bangon aji da cikin waya asalinta ta wani mai zana taswira ce mai suna Mercator, ta shekarar 1569, an ɗauki abu mai siffar ƙwallo an shimfiɗe shi a takarda, dole wani wuri ya miƙe fiye da ƙima. Shi ya sa Girinlan take fitowa kamar ta kai Afirka girma alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14.

Ga gwajin da nake yi wa ɗalibaina kuma ban taɓa ganin wanda ya yi shi bai gamsu ba. Ka samo ƙwallon duniya irin na makaranta da zare. Ka danne bakin zaren da babban yatsa a kan Singafo, ka kai ɗaya bakin New York, sai ka ja shi ya yi tauri. Da kansa zai zame ya hau sama, za ka ga ya kwanta ta kan Sin da Rasha ya bi dab da ƙuryar arewacin duniya ya sauko ta Kanada. Ka gwada tilasta masa bin Afirka ka gani, sai ka ƙara zare. Wannan layin da zaren ya kwanta shi ake kira babbar da'ira, shi ne mafi gajarta tsakanin kowane wuri biyu a bayan ƙasa.

Ɗan Gaskiya:
Toh naji, amma kai ka ce ta ƙuryar arewa, ni kuma na ce maka Jafan da Alaska na gani. Ba ɗaya bane ai

Ɗan Taswira:
Gaskiyarka, kuma nan ne abin ya fi daɗi. Singafo tana kan digiri 104 gabas, New York tana kan 74 yamma, ka haɗa 178 kenan, saura biyu ya cika 180. Ma'ana garuruwan nan kusan suna bayan juna ne a jikin ƙwallon. Saboda haka ko ka karkata ta dama ko ta hagu bambancin ba shi da yawa sosai, sai ya zama iska ce ke yanke hukunci. Zuwa New York yawanci ta kan Pasifik ake bi. Dawowa kuma sau da yawa ba ya juyowa ta inda ya zo, sai ya ci gaba da yin gabas, ya tsallake Atlantika ya bi ta Turai da Asiya ya sauko Singafo. Kaga jirgin ya zagaye duniya kenan a zuwa da dawowa, kullum iska tana bayansa.

Mai Tambaya:
Ikon Allah. Wace iska ce haka mai ƙarfin da za a canza hanya saboda ita?

Malam Lissafi:
Akwai wani kogin iska a can sama daidai tsayin da jirage ke tafiya, masana suna ce masa jet stream, daga yamma yake kwarara zuwa gabas, gudunsa yakan wuce kilomita 200 a awa, lokacin sanyi ma ya fi haka nesa. Idan jirgi ya shiga cikinsa yana yin gabas kamar kwale-kwale ne da ya bi ruwa, idan kuma yamma ya nufa ya zama mai haye ruwa. Misali mafi sauƙi Landan da New York, nisan wajen kilomita 5,500 ne ko ta ina ka fara, amma Landan zuwa New York kusan awa 8 ne, dawowa kuma wajen awa 7 ko ƙasa da haka. A Fabrairun 2020 lokacin guguwar Ciara wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, gudunsa idan aka auna da ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa. Injinsa bai ƙara komai ba, iska ce ta ɗauke shi.

Ɗan Gaskiya:
Malam a nan kam ban yarda ba. Ai duniya ce take juyawa daga yamma zuwa gabas, toh idan haka ne mai zuwa yamma shi ya kamata ya riga isa tunda garin da zai je yana tahowa ya tarye shi, mai zuwa gabas kuma garin yana guje masa. Amma kai kana cewa akasin haka ne

Malam Lissafi:
Da haka abin yake da sai jirgi mai saukar ungulu ya tashi ya tsaya cak a sama ya jira garin da yake so ya iso ƙarƙashinsa. A tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, ƙasa tana juyawa da gudun wajen kilomita 1,670 a awa, ya fi gudun kowane jirgin fasinja na yanzu. Amma iskar da ta lulluɓe duniya tare suke juyawa da ita, jirgin ma tun yana ajiye a ƙasa yana cikin wannan juyin, da ya tashi bai rabu da shi ba. Kamar mutum ne a cikin jirgin ƙasa mai gudu ya yi tsalle, inda ya tashi nan yake dira, ba ya tsintar kansa a taragon baya. Juyawar duniya tana da hannu a maganar amma ta bayan gida, ita ce tare da bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙuryoyinta suke haifar da wancan kogin iskar suna karkata shi gabas.

Ɗan Gaskiya:
Misalin jirgin ƙasan ya shige ni. Amma zan nemi ƙwallon nan da zare in gwada da hannuna kafin in sallama maganar Alaska

Ɗan Taswira:
Haka nake so ai. Ko lemo ka samu ka ɗiga alama biyu da biro zai nuna maka.

Matafiyiya:
Anti ni na taɓa yin wannan tafiyar sau ɗaya saboda aiki, bari in faɗa miki abin da zai tarar don ki gaya masa. Awa shidan farko ba komai, ka ci abinci ka kalli fim. Wahalar tana farawa ne lokacin da ka yi barci ka farka kana jin kamar an kusa, ka taɓa allon gabanka ya nuna maka saura awa 9 da minti kaza, ɗan hoton jirgin yana tsakiyar shuɗin teku babu ƙasa ko ta ina. Wallahi a nan na ji girman duniya a jikina. An rufe tagogi an kashe fitilu, na ɗaga labulen tawa kaɗan sai ga duhu, bayan wasu awanni na sake ɗagawa haske ya cika ko'ina, a tafiya ɗaya rana ta faɗi ta sake fitowa kuma kwanan watan bai canza ba saboda mun tsallake layin canjin rana a Pasifik.

Ki ce masa ya sa takalmi mai sakin jiki. Ni na cire nawa tun farko, da za mu sauka ƙafa ta kumbura sai da na taka bayan takalmin na fita da shi haka. Ya riƙa tashi yana zagayawa duk bayan awa biyu ko uku, ya riƙa motsa idon sawu ko yana zaune, ya sha ruwa sosai don iskar ciki a bushe take, leɓe har tsagewa yake. Zama wuri ɗaya na tsawon lokaci yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ba abin wasa bane, idan yana da wata lalura ya ga likita kafin ya tafi.

Yayar Auta:
Allah ya saka da alheri 'yar uwa, yanzu zan tura masa wannan. Toh gajiyar fa bayan an sauka?

Matafiyiya:
Ita ce ta fi tafiyar wuya a wurina. Bambancin awa 12 yana nufin dare ya koma rana sak. Kwana huɗu na yi ina farkawa ƙarfe 2 na dare ido tar, da azahar kuma barci kamar an ɗaure min dutse a kai. Abin da ya taimake ni fita cikin hasken rana da safe da daurewa kar in kwanta sai dare ya yi a can. Shi da zai sauka da yamma ma ya yi sa'a, ya daure kaɗan ya kwanta tare da mutanen gari. Kuma ki sani a dawowa lissafin juyewa zai yi, idan ya tashi New York da daddare ranar Litinin sai asubahin Laraba zai sauka Singafo, kar ku ga haka ku ce kwana biyu ya yi a sama, awannin kusan ɗaya ne, agogo ne ya karɓi abin da ya ba shi aro.

Abban Yara:
Ni dai a ra'ayina da in zauna awa 19 a kujera ɗaya gara in yada zango a hanya, in sauka in miƙe ƙafa in wanke fuska. Kuma ai akwai mai tsayawa a Frankfurt. Jikin ɗan Adam ba a yi shi don wannan ba

Matafiyiya:
Abban Yara kowa da yadda jikinsa yake, amma ka lissafa da kyau. Mai tsayawa sai ya sauka, a jira, a sake binciken kaya, a sake tashi, kafin ka ankara tafiyar ta wuce awa 22, idan canjin jirgi ne ma ga fargabar kar na farko ya makara na biyu ya tafi ya bar ka ko jaka ta ɓace a tsakani. Mai ƙananan yara ko dattijo na yarda ya raba tafiyar. Amma matashi mai lafiya shi kaɗai, ni kai tsaye zan ce ya bi.

Abban Yara:
Toh ai ni da yara nake tafiya shi ya sa. Awa 7 ma ya muka ƙare

Tsohon Makanike:
Ku da kuke kukan awa 19 bari in tuna muku inda aka fito. A 1947 da Qantas, kamfanin jiragen Ostireliya, ya fara kai mutane daga Sidni zuwa Landan da jirginsa, kwana huɗu ake yi, ana sauka Darwin, Singafo, Kalkata, Karachi, Alƙahira da Tarabulus, tsalle tsalle kamar dabbar nan kangaru, har sunan hanyar ya zama haka. A 2018 kamfanin ya fara Perth ta Ostireliya zuwa Landan kai tsaye, kusan kilomita 14,500 cikin wajen awa 17. A 2019 kuma suka yi gwaji da mutane kaɗan a ciki, New York zuwa Sidni awa 19 da minti 16, Landan zuwa Sidni awa 19 da minti 19, suna auna barcin matuƙa da lafiyar fasinja. Sidni da Landan wajen kilomita 17,000 ne, kuma kewayen duniya gaba ɗaya 40,075 ne, rabinsa dubu 20, babu gari biyu da za su wuce haka nisa. Kun ga saura ƙiris a ƙure.

Ita kanta hanyar Singafon ba yau aka fara ba. A 2004 aka buɗe ta zuwa filin Newark da ke kusa da New York da jirgin A340-500 mai inji huɗu, shan mansa ya yi yawa aka rufe a 2013, sai 2018 aka dawo da ita da wannan mai inji biyun. Ta JFK kuma a 2020 aka fara.

Mai Tambaya:
Baba toh me yasa ba a ƙara gudun jiragen ba tunda an ci gaba? Naji ance da akwai wanda ya fi sauti gudu

Tsohon Makanike:
Concorde kenan. Yana ninka gudun sauti sau biyu, a 1996 ya yi New York zuwa Landan cikin awa 2 da minti 52 da 'yan daƙiƙu. Amma mutum ɗari kawai yake ɗauka, mai yake sha kamar ba gobe, ƙararsa idan ya keta sauti ta sa ƙasashe da yawa suka hana shi yin wannan gudun a kan tudu, kuma tankinsa ba zai kai shi ko rabin hanyar Singafo da New York ba. A 2003 aka ajiye shi. Jiragen yanzu gudunsu kusan ɗaya ne da na shekaru hamsin da suka wuce, ci gaban da aka samu a tsimin mai ne da nisan zango.

Ɗan Taswira:
In ƙara da wani abu da ba a taɓo ba, ba iska da lissafi kaɗai ke tsara hanya ba, siyasa ma tana ciki. Tun 2022 da aka rufe sararin samaniyar Rasha ga jiragen ƙasashen Turai da wasu, tafiye-tafiye da yawa sun ƙara tsawo. Helsinki zuwa Tokyo da wajen awa 9 ne ta kan Saiberiya, yanzu ya koma wajen 13 don sai an kewaye ta kudu ko ta ƙuryar arewa. Garuruwan suna nan inda suke, nisan bai ƙaru da taku ɗaya ba, amma awa huɗu ta hau kai. Shi ya sa idan mutum ya tambaye ni awa nawa ne tsakanin gari kaza da kaza nake fara tambayarsa wane kamfani, wane wata, kuma zuwa ko dawowa.

Ɗan Gaskiya:
Jama'a na dawo. Na ari ƙwallon duniya wajen maƙwabcina malamin makaranta, na ja zaren kamar yadda aka ce. Wlh ta saman duniya ya bi, na gwada ta Afirka sai da na ƙara kusan tsawon ɗan yatsa. Malam Ɗan Taswira na janye maganata ta cewa da gangan suke zagaye. Yarana ma sun taru suna ta gwada wasu garuruwan, yanzu haka rigima suke a kan Doha da Auckland

Ɗan Taswira:
Madalla. Ka ce musu wannan wajen kilomita 14,500 ne, ita ma tana cikin mafiya tsawo, su gwada Landan da Los Angeles su ga yadda zaren zai hau kan Girinlan.

Yayar Auta:
'Yan uwa Alhamdulillah ya sauka lafiya. Na saka manhajar bin sawun jirgi a wayata muka zauna da tsohuwa muna kallo, ta ga ya wuce Jafan, ta yi barci ta farka ta ce in duba mata, lokacin yana kan Kanada. Ya ce daga tashi zuwa taɓa ƙasa awa 17 da minti hamsin da wani abu suka yi, matuƙin ya sanar da su cewa iska ta taimaka sun riga lokaci. Ƙafarsa ta ɗan kumbura kamar yadda Matafiyiya ta faɗa amma ya ce da sauƙi don ya yi ta zagaye. Baba Makanike tsohuwa ta ce in gaishe ka da kyau, kuma wai in tambaye ka nawa ne ya rage a tankin bayan sun sauka.

Tsohon Makanike:
Ina amsawa 'yata, a gaishe ta. Adadin ranar sai matuƙan da suka duba ma'auni, amma ki faɗa mata doka ta ce ko bayan an karkata zuwa wani filin dole a sauka da man da zai riƙe jirgi aƙalla minti 30 a sama ba a taɓa shi ba, su kuma da suka riga lokaci abin da ya rage musu ya fi haka sosai.